Dona Zulmira da Fim ɗin Takalmi Ɗaya

Kowace safiya, kafin rana ta gama hawowa kan duwatsu, Dona Zulmira na tsaye a tashar jirgin ƙasa ta unguwar Madureira a birnin Rio, jaka a hammata, laima a hannu ko da sama ba ta da niyyar komai. Jirgin kan zo a cike maƙil, ita kuwa ba ta taɓa roƙon kujera ba. Ido kawai take zuba wa saurayin da ya hakimce yana latsa waya, har sai ya tuna shi ma yana da uwa. Ta sauka a babbar tashar Central, ta sha baƙin kofi a tsaye wurin wani mai shago da suke faɗa kan siyasa tun gashinsu na baƙi, sannan ta taka da ƙafa zuwa tsohon ginin nan na bayan tashar jiragen ruwa, inda muke ajiyar finafinan da suka girmi iyayenmu.

Aikinta na farko shinshina ne. Takan shiga ɗakin sanyi ta bi kanta bayan kanta, ta ɗaga murfin wannan gwangwani, ta kai hanci, ta mayar, ta wuce na gaba. Zaren fim na wancan zamani ba ya mutuwa a ɓoye. Wari yake fara yi, ya yi danƙo, ya koma gari, kuma a kowane hali yana iya kamawa da wuta ba tare da kowa ya tsokane shi ba. Mafi yawan finafinanmu na farko a haka suka tafi, wasu gobara, wasu sakaci. Wanda hancinta ya ce yana da sauran rai, sai ta ɗauko shi zuwa teburinta mai fitila a ƙasa, ta zura farar safar hannu, ta jera reza da gam da gilashin ƙara girma, ta duƙufa. Daga nan har rana ta take, ko gwamna ne ya shigo sai ya jira, kuma shi ne ma zai fi kowa daɗewa yana jira.

Ni ne Nicanor, mai kaɗa piyano a gindin allo duk ranar da aka nuna waɗannan finafinai marasa murya. Mutane kan tafa mini in an kunna fitila, ni kuma in sunkuya kamar ni na yi komai, alhali matar da ta ɗinke abin da suka kalla tana can baya tana laluben laimarta. Ƙarshen wannan wata za ta ajiye aiki. Za a yanka kek, a yi mata jawabin da aka yi wa wanda ya tafi bara, a canza suna kawai. Wannan bai ishe ni ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba makarantar fim ta yi ba. Tela ce. Wata masana'antar riguna ce ta kore ta tana budurwa saboda ta ja 'yan uwanta mata zuwa yajin aiki, wani ya ce mata ana neman mai hannu a nan, ta zo da niyyar yin 'yan watanni. Ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ɗan ƙungiya, wanda ya saba da kwanan caji ofis. A nono ta sha siyasa, kuma ba ta taɓa ɓoye ɓangarenta ba. Talaka ne nata, ko yana da gaskiya ko ba shi da ita, sai dai a gyara masa zance daga baya.

Finafinan ban dariya su ne ƙaunarta, su ne kuma ciwon kanta. Kun san su: baƙauye ya shigo Rio da akwatin kwali, ya cire wa mutum-mutumi hula yana gaishe shi, mai shago ɗan Fotugal yana tauye awo, minista da tumbinsa ya maƙale a ƙofar mota, baƙin baran gida mai zare ido, wanda sau da yawa ma farin mutum ne aka shafa wa gawayi. Wasunsu sun yi wa gwamnatin zamaninsu tsiya ba tsoro, har kana mamakin yadda aka bar masu su suka kwana a gida. Amma Dona Zulmira ba ta cika ruɗuwa da wannan ba. Takan ce da ni, "Seu Nicanor, bar ganin sun ja wa minista gemu a tsakiya. Jira ka ga wa suka kayar a ƙarshe. Nan suke faɗin abin da ke ransu." Sau da yawa kuwa, wanda ke ƙasa lokacin da fitila ta dawo shi ne wanda dama a ƙasa yake.

Masu gadi har yau suna ba da labarin shekarar da ruwa ya ci unguwar tasha. Kowa ya gudu gida da rana tsaka, ita ta tattare siket ta shiga ɗakin ƙasa, ruwa iya gwiwa, tana kwaso gwangwanaye tana hawa bene da su, tana zagin magajin gari da duk wanda ya zaɓe shi. Mai gadin da ya taya ta ya ce bai taɓa jin ashar mai tsari irin na ranar ba. Wannan jarumta ce da kowa ya gani ya yaba. Wadda nake son faɗa a zaune ta yi ta, ba ruwa ba tsawa, kuma ta fi waccan yi mata tsada.

Wasu magada ne a can jihar Minas za su sayar da gidan gonar kakansu, suka tsinci gwangwanaye a ƙarƙashin matakala. Da ta buɗe, ba fim ta samu a naɗe ba, gutsattsari ta samu, wani tsawon hannu, wani tsawon tebur, an cusa su kamar tsummoki. Watanni ta yi tana wankewa, tana miƙarwa, tana gwada bakin wannan da na wancan, har labari ya fara ɗago kai.

Ranar zaɓe ce a wani ƙaramin gari. Kanar, irin kanar ɗinmu na karkara da bai taɓa jin ƙarar yaƙi ba, sai dai yana da gonar kofi da mutanen da ke cikinta, yana tsaye cikin farar kwat ta lilin yana raba takalma. Ƙafar hagu kafin ƙuri'a, ta dama sai in ya ci. Ga maza nan jere a titi suna ɗingishi, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, kowa ya ɗaure fuska irin ta mai zuwa sauke nauyin ƙasa. Ranar da ta fara nuna mini a kan teburinta na yi dariya har na ƙware. A cikin jerin akwai wani dogon baƙin mutum, na gaske ba na gawayi ba, wanda in ya shigo hoto ba ka sake kallon kowa. Kanar ya ci zaɓe, ya loda takalman dama a amalanke, ya ce a kai sito sai zaɓe na gaba.

Guntaye biyu suka rage, kuma su ne matsalar. A ɗaya, dogon mutumin ya wurga takalminsa, ya sami Kanar a ƙeya, Kanar ya afka cikin kwamin ruwan dawaki, ƙafafu a sama. A ɗayan, 'yan sanda sun rataya wa mutumin takalmin a wuya, suna zagaya gari da shi ƙafa a ƙasa, mata a tagogi suna ƙyalƙyala dariya, sai rubutu ya fito a allo cewa wasu ƙafafun ba don takalmi aka halicce su ba. Ba sai na gaya wa ɗan ƙasar nan abin da wannan ke nufi ba. Bawa ba ya sa takalmi, kuma lokacin da aka ɗauki fim ɗin, da yawa cikin masu tafiya a titunan Rio a bauta aka haife su.

Wanne ne a gaba, wanne ne a baya? In an fara wulaƙanta shi, sannan ya ciro takalmin daga wuya ya rama, to fim ya ƙare da Kanar a cikin ruwa. In kuwa jifan ne a gaba, fim ya ƙare da baƙin mutum ana yi masa ature. Dukanmu muka zaɓi na farko ba tare da mun yi shawara ba. Shugabanmu Dakta Valdemar, mutumin kirki wanda ya sha ɗauri a zamanin soja, ya yi murna har ya rungumi mai gadi. Ya sa aka ba fim ɗin buɗe bikin finafinai na shekarar, jarida ta buga fuskar dogon mutumin, ta ce ga fim na farko da talaka ya yi nasara a cikinsa.

Wannan hoto ne ya kawo mana Dona Jandira. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, ta yi aikinta na dafa abinci a makarantar firamare ta gama, tana zaune a kan tudun da ke leƙen tashar jiragen ruwa. Ta shigo da sanda, jaridar a ninke a hannu, ta tsallake kowa ta tsaya a kan Dona Zulmira.

"'Yata, ke ce mai ɗinkin?"

"Ni ce, Dona. Wa kike nema?"

"Na riga na same shi." Ta ɗora yatsa kan hoton. "Kakana ne. Tertuliano. Ɗan dako ne a tashar nan, buhun kofi yake ɗauka. Kin ga kunnen nan? Duk gidanmu shi muka gada, ba wanda ya tsira."

Aka ba ta kujera. Ta ce tana ƙarama ya rasu, amma ta ishe shi sosai. Duk Lahadi, in an gama cin baƙin wake da nama an kishingiɗa, sai ya miƙe a tsakar gida ya yi musu fim ɗin da jikinsa. Ya yi ɗingishin, ya yi tumbin Kanar, ya cire silifas ya wurga wa bango, ya faɗa cikin kwandon wanki ƙafafu a sama. "Sai ya tashi ya kaɗe riga ya ce, nan fim ya ƙare, jama'a suka miƙe suna tafi. Maƙwabta suka ce ƙarya yake, wa zai sa ɗan dako a majigi? Har ya mutu suna ce masa tauraro don tsiya. Ni dai ina son in gan shi yana motsi sau ɗaya kafin in bi shi."

Daga ranar kowace Alhamis sai ta zo, da kek ɗin masara a cikin roba. Ta zauna gefen tebur, su yi ta hira, su zagi gwamnati, su zagi tsadar wake, su zagi maza. Dona Zulmira, wadda ba ta barin ko shugaba ya ja numfashi kusa da zarenta, sai ga ta tana miƙa wa tsohuwa gilashi tana cewa duba, ga shi nan yana murmushi. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Ina jin wani gurbi ne ya cike, kuma ba ta yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Wata Talata da rana na shigo daga gwaji na sami Dona Zulmira zaune hannu a cinya. Rediyo na faɗin wani abin da gwamna ya yi, ba ta tanka ba. Nan na san ba lafiya.

"Seu Nicanor, zo ka duba mini nan."

"Ni da ba na ganin lambar bas sai ta wuce ni?"

"Duba dai. Can kusurwa, kan baranda."

A farkon guntun 'yan sanda akwai wani ɗan yanki tsawon yatsa, rabinsa ya ruɓe, irin wanda kullum ake yankewa a zubar ba mai tambaya. Ta yi kwanaki tana goge shi. A kusurwarsa, ƙanƙani kamar ƙwayar shinkafa, ga Kanar a tsaye yana kallon yadda ake fara zagayen.

"Na gan shi. To sai me?"

"Kwat ɗin fa?"

"Fara ce."

"Jiƙaƙƙiya ce. Lilin in ya bushe tsayawa yake, wannan ya manne masa a jiki. Ga tawul a wuyansa. Ya riga ya sha wankansa, Seu Nicanor. Jifan ne a gaba." Ta jawo ɗayan guntun ta haɗa bakinsu, yagar ta zauna daram. Sannan ta ce, "'Yan banza. Na ɗauka wannan karon sun bar mana."

Dakta Valdemar ya sauko da kansa. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya zauna a kan gwangwani, abin da a wata rana zai ja masa zagi.

"Zulmira, ni da ke mun sha barkonon tsohuwa a titi ɗaya. Ki saurare ni. Masu majigin wancan zamani kowa yadda ya ga dama yake haɗa zarensa. Wa ya ce ba a taɓa nuna shi ta ɗaya hanyar ba a wani gari?"

"Wataƙila an yi, Dakta. Ka kawo mini wancan zaren in haɗa maka shi haka. Wannan da ke gabana ba haka yake ba."

"Yankin nan ruɓaɓɓe ne. Da ba ki goge shi ba, da tuni yana kwandon shara."

"Amma na goge."

"Shekara ɗari ana yi wa mutanen nan dariya. Mu ba su wannan ɗayan, me zai rage mu da shi?"

"In na ba su, na wanke wanda ya yi dariyar. Gobe jikan Kanar zai ce, kun gani, tun da can ma muna tare da ku."

"Tsohuwar fa?"

Ta mayar da ido kan zarenta. Ya miƙe, ya dafa kafaɗarta. "Hannunki ne. Abin da kika haɗa shi zan nuna. Amma ba zan iya buɗe biki da shi ba, kin sani." Bai yi fushi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da ni ne mai rezar, da na yanke tun kafin ya sauko.

Kada wani ya ce muku ba ta so yankewa ba. Ta so, so mai tsanani. Duk rayuwarta jiran fim irin wannan take yi, wanda za ta nuna wa mai shagon kofi ta ce ga shi, tun kafin a haife ka mun taɓa cin nasara. Ga kuma tsohuwa da ta ɗauke ta 'ya, wadda ta gaya wa unguwa duka, ta ɗinka sabuwar riga, take son wanke kakanta daga sunan maƙaryaci. Yanka ɗaya ne, mu uku kaɗai muka sani, dukanmu kuwa a shirye muke mu mance. Kwana da kwanaki tana zuwa ta shinshina gwangwanayenta, ta zauna, ta kalli yankin nan, ta tashi ta wanke kofin da ta riga ta wanke. Ta rame. Ranar da ta shafa gam ta haɗa guntayen yadda suke, ba ta gaya wa kowa ba, sai dai na ga ta ci abincin rana.

Ta ce ba za ta bari Dona Jandira ta ci karo da shi a cikin taro ba. Za a nuna mata ita kaɗai ranar Alhamis, a ƙaramin ɗakin gwaji. Na tambaye ta me zan kaɗa a wurin 'yan sandan, don na tanadi wani sauti mai sanyi, mai ban tausayi.

"Me aka kaɗa musu a lokacin?"

"Kiɗan rawa mana. Ai wurin dariya ne."

"To shi za ka kaɗa."

"Dona Zulmira, ki ji tsoron Allah. Tsohuwa ce fa."

"Na ƙi yi mata ƙarya da reza, kai kuma ka yi mata da yatsu? Kaɗa abin da suka ji."

Ranar Alhamis Dona Jandira ta zo cikin sabuwar rigar, shuɗiya, ta ce ba za ta gaida kakanta da tsumma ba. Dona Zulmira ta fara cewa akwai abin da ya kamata ta sani tukuna. Tsohuwa ta ɗaga hannu. "'Yata, tun ina yarinya nake jin bayani. Kashe fitila."

Da ya fito a jerin masu ɗingishi, ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ta kama hannun kujera. Ta yi dariyar takalman. Da ya wurga, Kanar ya kifa cikin ruwa, ta buga sandarta a ƙasa tana cewa haka ne, haka ne, ta fara tattara jakarta. Sai fim ya ci gaba. Na kaɗa kiɗan rawar, kuma ban taɓa ƙin hannuwana irin na ranar ba. Aka rataya masa takalmi, aka zaga da shi, matan tagogi suka yi ta dariyarsu marar sauti, rubutun ya fito ya daɗe yadda ko mai karatu a hankali zai gama. Allo ya yi fari.

Ba wanda ya motsa. Can tsohuwa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Haka yake?"

"Haka yake, Dona."

"Kina iya juya shi?"

"Ina iyawa."

"Ba wanda zai gane?"

"Babu."

"Amma ba ki juya ba."

"Ban juya ba. Ki yafe mini."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon farin allon. "Ashe shi ma mai ɗinki ne," ta ce. "Duk Lahadi yana yanke wannan wurin, yana ba mu sauran." Ta dogara sanda ta miƙe. Dona Zulmira ta kai hannu za ta taimaka mata, tsohuwa ta ce ta bari, ta san hanya.

Alhamis ta gaba ba ta zo ba, ta bayanta ma haka. Dona Zulmira dai ba ta mayar da kujerar inda aka ɗauko ta ba. Ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ban taɓa jin ta ce da ta sani ba. Bikin ya buɗe da wani fim daban. Namu aka tura shi ranar Laraba da rana, lokacin da ba kowa a silima sai 'yan fansho da masu gudun zafi. Wasu tsofaffin abokan gwagwarmayarta suka daina gaishe ta, suka ce ta miƙa wa abokan gaba sanda.

Ranar Larabar, ina gyara zama a gaban piyano na ji hayaniya a ƙofa. Dona Jandira ce, a bayanta kuma jama'a: 'ya'ya, jikoki, surukai, mata da jarirai a kafaɗa, kunnen nan iri ɗaya daga wannan bango zuwa wancan. Sun bar aiki, sun ciro yara daga makaranta. Ta wuce Dona Zulmira a bakin ƙofa ba ta tsaya ba, sai dai ta ce, "'Yata, kin rame. Ba kya cin abinci ne?" Suka cika layukan gaba.

Wurin jifan suka miƙe da tafi, ɗakin ya ɗauka, har na daina jin abin da nake kaɗawa. Da 'yan sanda suka fito, tafin ya mutu a hannu. Wani jikanta, ƙato, direban bas, ya ga an rataya takalmin, ya tashi zai fita yana huci. Muryar tsohuwa ta fito a cikin duhu, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Zauna, Edmilson. Shi ya tsaya aka yi masa, kai kallo ne ba za ka iya ba? Ku kalla duka. Wannan ne abin da ya haɗiye shi kaɗai don mu yi dariya ranar Lahadi."

Ya zauna. Har rubutun ya fito ya wuce, ba wanda ya sunkuyar da kai a layukan nan.

Dona Zulmira, mai hannun ɗinki, mai bakin faɗa, ke ce kika so talaka har kika ƙi yi masa ƙarya. Na san mutane da yawa da za su faɗi gaskiya in abokin gaba za ta ƙona, kuma sukan faɗe ta da murna, har da kiɗa. Ke ce na ga kin tsaya a kanta ranar da ɓangarenki za ta ƙona, da ke kanki, da tsohuwar da kika ɗauka uwa. Da kin yanke, da Tertuliano ya sami tafin manyan baƙi, ya koma gida tauraro. Da kika ƙi, zuriyarsa ta san irin mutumin da ta fito daga jikinsa, wanda aka wulaƙanta a gaban gari, ya dawo gida ya ba yara dariya. Sunanki ba ya kan allon ko ɗaya daga cikin finafinan da kika ceto, kuma na san in kika karanta wannan za ki ce na cika surutu. Na yarda, amma ba zan goge ba.

Ku da za ku gaji teburin nan, da ku masu koyar da yaranmu tarihi, da duk wanda aka damƙa wa labarin wani da ba ya nan balle ya yi magana: wata rana za ku ga ɗan abu kaɗan ya tsaya tsakaninku da labarin da ranku ke so, ba kuma mai ganinku. Ku bar shi a inda yake, kamar yadda ta bari. Zai yi ciwo, kuma ba lalle ne a gode muku ba.

Mu dai mun gode, Dona Zulmira. Allah Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Saboda ke, ba wani ɗan ƙasar nan da zai ce bai san wanda aka yi wa dariyar ba.